Rabin Ganyen Darbejiya

Ibadan, watan Mayu

Zuwa ga Baffa Yekini, Fagge.

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta ladabi daga 'yarka Kamila, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna Morufat da duk mutanen gida. Yaya gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau nake, sai kewar Kano. Har yanzu Bahaushiya suke ce mini a nan saboda Yarabancina da ya karkace, a Fagge kuwa ka sani, Bayarabiya nake. Na rasa inda zan sa kaina.

Baffa, ka san aikina a cibiyar binciken tsirran nan shi ne zana tsirrai da fensir. Shugabata, Dokta Ujunwa, haifaffiyar Sabon Gari ce, ta fi ni jin Hausa. Tana haɗa littafi a kan tsirran da ake gani a gidajen Kano da bakin titunanta, tana neman mai zane wanda ke zaune a can. Ganye in an tsinko shi an sa a mota, kafin ya iso nan ya yi yaushi, fure kuwa ya zube, hoton waya kuma ba ya nuna jijiya yadda ake so.

Da ta tambaye ni ko na san wani, ban yi wata-wata ba na ba da sunanka. Na gaya mata kakana da mahaifinka 'yan wa da ƙani ne, kuma a gidanka na girma bayan rasuwar babana. Na ce a gindin keken ɗinkinka na fara riƙe fensir, ina kwaikwayon furannin da kake fitarwa a wuyan riga. Inna ta ce mini kwanakin nan kana da ɗan sarari, shi ya sa na yi ƙarfin hali.

Ga fensira da kilina ta goge fensir da takarda mai kauri na ba direban da ke kawo wa Inna goro. Fensir mai tauri na fitar da siffa ne, mai taushi na inuwa. Ƙa'idar ɗaya ce: abin da ido ya gani shi ake sawa, ba ƙari ba ragi. Ko tsutsa ce ta ci gefen ganye, a bar wurin cin. Ka gwada kaɗan ka aiko in nuna mata. In sun yi mata, aikin naka ne, har da sunanka a littafin.

Taka,
Kamila.

Fagge, watan Yuni

Zuwa ga 'yata Kamila, Bahaushiyar Ibadan.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Innarki tana gaishe ki. Gwiwa tana nan tana mulkinta, ni kuma ina biyayya. Ruwa ya sauka, kwatar layinmu ta cika kamar yadda ta saba.

Kin ce Innarki ta ce ina da sarari. Sakaya miki ta yi. Gaskiyar magana ita ce tun ƙaramar salla babu wanda ya kawo mini aikin wuyan riga. Injin kwamfutar nan na aikin wuyan riga da aka girke a layinmu, a danna masa maɓalli a tafi shan shayi, a dawo a tarar da riguna tuli. Akeem da na koya wa zura zare a allura shi ne mai injin. Kullum da safe sai ya tsallako ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambaye ni ko akwai abin da nake buƙata. Da zagina yake yi da ya fi mini sauƙi. Ni dai in buɗe shago, in share, in zauna a benci ina kallon masu wucewa kamar mai gadi. Kunya nake ji in koma gida da rana, kunya nake ji in zauna.

To kin ga yadda takardarki ta same ni. Ban ma gama karanta ta ba na kai labari majalisarmu ta bakin masallaci. Na ce musu za a sa sunana a littafi. Innarki ta ce na yi gaggawa, na ce mata ita ba ta san zane ba.

Zane kuwa ai gida ne. Tun ina yaro maigidana a ɗinki, Allah ya jiƙansa, ya koya mini cewa ba a zana abu gaba ɗaya. Rabi ake zanawa, a ninke takarda a tsakiya, a murza da bayan cokali, sai ɗaya rabin ya fito daidai wa daida. Rigar da hagunta ya saɓa wa damanta, mai ita jefo maka ita zai yi. Fensirin nan naki mai taushi kamar don haka aka yi shi, murza ɗaya ya fito raɗau.

Na yi zogale, na yi furen kuɓewa daga lambun wani aboki a Rijiyar Lemo, na yi darbejiyar ƙofar gidanmu. Ita darbejiyar ta ba ni wahala. Duk ganyen da na tsinko a karkace yake kamar lauje, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Na yi ta tsinka ban samu lafiyayye ba, ina jin ƙishirwar rani ce ta lanƙwasa su. Na dai gyara mata, ba zan kai ta littafi da nakasa ba. Maganar cin tsutsa kuwa na san wasa kike yi.

Ki duba ki gaya mini.

Baffanki,
Yekini.

Ibadan, watan Yuli

Zuwa ga Baffa.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kowa lafiya. Zazzaɓi ya ɗan kwantar da ni, shi ya sa amsa ta yi jinkiri, amma na miƙe.

Zanen sun iso. Baffa, hannunka yana nan yadda na san shi. Layinka ba ya rawa, ba ka komawa kan layi sau biyu, abin da ni har yau ban iya ba. Na daɗe ina kallon furen kuɓewar nan, sai na tuna rigar da ka yi wa Inna ta zuwa bikin Ogbomoso. Ni wace ce da zan duba aikinka?

Sai dai wata 'yar alfarma nake roƙo. In da hali, a daina ninke takardar. Dokta ba ta son ganin alamar ninki a tsakiyar ganye. Kuma wani lokaci mu a nan mukan ɗora ganyen a kan farar takarda mu yi ta kallonsa, gefen hagu daban, gefen dama daban, kafin mu taɓa fensir. Ba wai don komai ba, haka dai aka koya mana.

Game da darbejiya, mu ma ta nan haka ganyenta yake, a karkace. Ko da yake kai ka fi ni sanin ta ƙofar gida.

Ban nuna wa Dokta ba tukuna. In ka samu dama ka ƙaro wasu, sai in haɗa gaba ɗaya. A gaishe da Inna.

Taka,
Kamila.

Fagge, watan Agusta

'Yata Kamila,

Sallama da gaisuwa. Allah ya ƙara lafiya, ki riƙa kwana a gidan sauro, na san ki da taurin kai. Mu ƙalau muke. Innarki ta ce har ƙiba na yi.

Kin yi gaskiya, ninki yana ɓata takarda, ni ma na lura. Na shiga Kasuwar Sabon Gari layin masu littattafai, na yi wa wani Boniface bayanin matsalata, ya ɗauko mini wata takarda shara-shara wadda ake hango abin da ke ƙarƙashinta. Yanzu sai in zana rabi, in ɗora ta in kwafa, in juya ta in sauke ɗaya rabin. Ba ninki, ba alama. Da maigidana ya ga wannan takarda da ya yi kukan daɗi. Ga su nan na sa tsakanin kwali biyu, ko direba ya zauna a kai ba abin da zai same su.

Kin ce darbejiyar Ibadan ma a karkace take. Ashe cutar ta game ƙasa. Ki gaya wa Dokta ta sa a bincika, aikinsu ne.

Na ƙara da shuwaka da lalle da yakuwa, na kuma sake darbejiyar. Yanzu ina idar da sallar asuba nake fiƙe fensir. Na fito da teburin yanka ƙofar shago inda haske yake, mutane su tsaya su yi ta kallo. 'Yan majalisa sun sa mini suna Farfesa, na nuna ban so ba, amma ke zan gaya wa gaskiya, ina jin daɗinsa. Jiya Akeem ya zo gaisuwa, maimakon tambayar nan tasa sai ya ce in littafin ya fito yana son ɗaya. Kamila, kin ɗauke ni daga benci. Allah ya yi miki albarka.

Baffanki,
Yekini.

Ibadan, watan Satumba

Baffa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Inna. Ina lafiya.

Dokta ta ga zanen, sun yi mata. Ta ce aikin naka ne.

Wata mai zuwa za ta zo Kano bikin ƙaninta, tana so ku gaisa a gidan mahaifiyarta a Sabon Gari. Na ba ta lambar Inna. Baffa, gaisuwa ce kawai. Don Allah kada ka wahalar da kanka da ɗaukar kayan zane, kuma ba sai ka daɗe ba, saboda gwiwar nan. In ma ba ka jin daɗin jikinka, sai in ba ta haƙuri, ba za ta damu ba. Duk abin da za ka zana nan gaba, ni za ka riƙa aiko wa kamar yadda muka saba, ni zan miƙa mata.

A gafarce ni, takardar ta yi gajarta, aiki ya yi yawa.

Taka,
Kamila.

Ibadan, watan Nuwamba

Baffa,

Ina gaisuwa. Hankalina ba a kwance yake ba. Dokta ta dawo ta ce kun haɗu, ta yaba da kirkinka, amma ta ce hannunka na dama yana ciwo har ba ka iya riƙe fensir. Tun yaushe? Na kira wayar Inna, ta ce ita ba ta san da wani ciwon hannu ba, ta ce kana shago. Na sake kira, ta ce ka ce za ka rubuto. Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, babu takarda.

In ciwo ne a je asibiti, kada a tsaya shafe-shafe. In kuma wani abu na yi, ka gaya mini. Ba na iya cin abinci.

'Yarka,
Kamila.

Fagge, watan Disamba

Kamila,

Muna lafiya. Hannuna lafiyarsa lau, bai taɓa ciwo ba.

Na je gidan su Dokta. Na sa babbar rigata, na kuma sa fensir da takardar nan shara-shara a aljihu duk da kin hana, don na ɗauka tausayin gwiwata kike yi. Matar nan ta karɓe ni kamar ubanta. Ta rusuna ta gaishe ni, ta zaunar da ni kusa da tsohuwarta a tsakar gida, 'yan'uwanta da baƙin biki duk suna nan. Sai ta ɗauko zanen daga jaka tana nuna musu, tana cewa su ga abin da dattijon Fagge ya yi cikin damina ɗaya.

Ta miƙo mini darbejiyar ta ce, "Baba, wannan ce ta sa na ba ka aikin. Duk mai koyo sai ya miƙar da ganyen darbejiya, kai ka bar shi a karkace yadda Allah ya yi shi."

Na karɓa na duba. Karan nawa ne. Sunan da ke ƙasa rubutuna ne. Gefen dama na kowane ganye nawa ne. Gefen hagu ban san shi ba. Na ɗaga takardar wajen rana kamar mai sha'awa, sai ga sawun layina a ƙasa inda aka goge. Na duba shuwakar, har ramin tsutsa aka yi mata. Na san hannun da ya yi, tunda ni na fara ɗora shi a kan fensir.

Ban gama haɗiye wannan ba ta karyo reshen shuwakar da ke bayan ɗakin girkinsu, ta ce in zana wa tsohuwarta ko ganye biyu ne ta rataye a ɗaki. Aka kawo tebur. Mutane suka matso. Hannuna yana cikin aljihu a kan takardar kwafi. In na fito da ita na tona kaina, in na ce ba aikina ba ne na tona ki a gaban mai ba ki aiki. Sai na kama wuyan hannuna na ce sanyi ya shige shi tun shekaranjiya.

Tsohuwar nan, wadda ta kusa haihuwata, ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki ta ɗauko man zafi. Ta riƙe hannuna a cinyarta tana murzawa tana yi mini addu'a da yarensu, wai kada Allah ya kashe hannun da ya iya wannan abu. Ni kuma ina zaune da furfurata ina cewa amin. Tunda nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da ƙafa na dawo Fagge, ban ji gwiwar ba ma.

Da na iso ƙofar gida na tsaya gindin darbejiyar na janyo reshe. Na duba na sama, na duba na ƙasa, na je ta bakin masallaci na duba. Babu miƙaƙƙe ko ɗaya. Tun ina yaro nake wucewa ƙarƙashin bishiyar nan ban taɓa kallonta ba, har nake cewa cuta ce.

Gogewar ba ita ta fi ci mini rai ba. Abin da ya ci mini rai shi ne kin gani tun zanen farko, kika bar ni na fito da tebur ƙofar shago ana ce mini Farfesa. Lokacin da kike hannuna, in kin yi ba daidai ba ai gaya miki nake yi, ban taɓa bin bayanki ina gyarawa a ɓoye ba.

Ga abin da za a yi. Kada ki gaya wa Dokta komai. Ki ce hannun ya ƙi warkewa, na haƙura da aikin. Ni na riga na yi ƙaryar, bari ta yi amfani. Ki riƙe aikinki.

Yekini.

Ibadan, watan Disamba

Baffa,

Ina gaishe ka, in za ka amsa. Na gode Allah da hannun lafiya yake.

Ban san ta inda zan fara ba. Ranar da zanen farko suka iso na zauna na rubuta maka cewa ba haka ake yi ba. Na karanta na ga kamar na ɗaga maka murya, na yaga. Na sake rubutawa, na sake yagawa. Kai ka ciyar da ni, kai ka kai ni makaranta a kan kekenka na hawa, ban taɓa kallon tsakiyar idonka ba balle in ce ka yi kuskure. Sai na yi ta kewaye-kewaye ina fata ka gane da kanka. Da takardarka ta Agusta ta zo, na karanta inda ka ce na ɗauke ka daga benci, sai na ga ba zan iya mayar da kai ba. Na ɗauki kilina. Ina gogewa ina ce wa kaina taimako nake yi. Na san ba haka ba ne, don sai da na kulle ƙofar ofis.

Baffa, ban bi umarninka ba. Na gaya wa Dokta. Da na karanta maganar man zafin nan na kasa zama a kujera, na tashi na same ta na faɗa mata komai, har da dalilin ciwon hannun. Sai ta ce mini da Hausa, "Kamila, ni ma a Kano aka haife ni, na san kunya. Amma kunyarki ta sa dattijo ya yi wa uwata ƙarya." Da mari ta yi mini da na fi so.

Ba ta kore ni ba. Amma duk zanen da na taɓa yi mata yanzu sai wani ya ɗauko tsiron ya gwada kafin a karɓa, kuma kowa a ofis ya san dalili. Zanenka ta cire su duka, ta ce ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Littafin ba zai jira ba, ta ba wani malamin zane aikin. Na roƙe ta ta ba ka lokaci, ta ce lokacin da za ka koya ai ni na cinye shi. Ta ce in gaishe ka, wai ba ta ga laifinka ba.

Ni na jawo maka aikin, ni na raba ka da shi. Da na buɗe baki tun watan Yuli, da yanzu ka iya, don hannunka ya fi nawa. Ba ni da abin cewa sai ka yafe mini.

'Yarka,
Kamila.

Fagge, watan Fabrairu

'Yata Kamila,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Innarki ta ce in daina azabtar da ke da shiru, to ga shi na rubuto.

Na ji haushinki ƙwarai. Na yi ƙarya don in rufe ki, kin je kin yaye, kin bar ni da ƙaryar a hannu ba ta rufe kowa ba. Kwanaki na yi ban bi ta Sabon Gari ba, ko zare nake so sai in aika. Daga baya na ga ba zama zai yi ba. Na ɗebi goro a wajen Innarki na je gidan tsohuwar nan na durƙusa, da gwiwar da komai, na ce mata hannuna bai yi ciwo ba, ta yafe mini. Ta dube ni ta ce ai ta sani, wuyan hannun da ke ciwo ba ya kwanciya lakwas a hannun mai murza. Ta ce ta ga dai ina cikin wani hali ne, ta ce bari ta ba ni abin fakewa. Na fito gidan kunyata ta fi ta da.

Majalisa ma na gaya musu. Bayan la'asar, kowa yana zaune, na ce littafi babu ni, ban iya ba. Ban sa sunanki ba. Sai wani ya kawo maganar tsadar taki. Sunan Farfesa dai ya zauna, sai dai yanzu in an faɗa akwai 'yar dariya a ƙarshensa. Akeem ya koma tambayarsa ta da. Ina amsa masa da lafiya lau.

Na yafe miki, wannan ya wuce. Ni ma da laifina, kin rubuta mini ƙa'idar ƙarara a takardar farko na ce wasa kike yi.

Teburin na mayar da shi cikin shago. Takardar Boniface na ba Innarki tana ƙunshe goro. Amma ban ajiye fensir ba, don na gano in ina kallon ganye ba na jin masu wucewa. Abin da wuya, Kamila. In na zana gefe ɗaya sai hannuna ya tafi neman ɗan'uwansa da kansa, sai na riƙe shi kamar akuya. Ganyen ma ba ya jira, kafin in gama ya bushe ya canza kama, in tsinko wani in fara daga farko.

Ga zanen ganyen darbejiya guda ɗaya tak na sa miki. Ba littafi, ba Dokta, ba mai gani sai ke. Tunda ba kya iya gyara wa babba don kanki, to ni na sa ki. Umarni ne, ba roƙo ba. Ki duba shi kamar na yaron da aka kawo miki koyo, ki rubuta mini duk abin da bai yi ba. In na ga kalmar yabo a farkon takardarki ba zan karanta sauran ba.

Baffanki,
Yekini.

Ibadan, watan Maris

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina gaishe ka da Inna. Na gode da yafiya.

Ganyen bai yi ba.

Ka karkatar da bakinsa, amma jijiyar tsakiya ka ja ta a miƙe kamar da ma'auni, alhali ita ce ke fara lanƙwasa, sauran su bi ta. Haƙoran gefen duk girmansu ɗaya, ka jera su kamar ɗinki. Ka duba za ka ga na kusa da kara sun bambanta da na kusa da tsini. Ƙananan jijiyoyin ka sa su suna fuskantar juna biyu-biyu, ba haka suke fita ba. Ka danne fensir mai taushi da yawa har takardar tana ƙyalli, inuwa a hankali ake ɗora ta, sama-sama, a yi ta maimaitawa. Kuma a gindin ganyen, inda gefe ɗaya ya kamata ya fi faɗi, na ga ka fara daidai, sannan ka goge ka rage shi. Na farkon shi ne gaskiya. Ka ji tsoronsa ne.

Ga shi na mayar maka yadda ya zo, ban sa masa hannu ba.

Baffa, na tashi daga kan takardar nan ya fi a ƙirga kafin in kai nan, kuma in na sake karanta ta yaga ta zan yi, don haka yanzu zan liƙe in kai wa direba.

Ka tsinko wani ka sake.

'Yarka,
Kamila.